Yadda Ake Koya wa Dattijo Hanya Idan Ya Koma Wurin da Bai Saba Ba

Mahaifina ya yi shekara 74 a Daura, kuma ko da daddare babu fitila yana iya tashi daga ƙofar gidanmu ya ratsa lunguna har Rijiyar Kusugu bai tambayi kowa ba. Da ciwon suga da ciwon gwiwa suka matsa masa, muka lallashe shi ya dawo Katsina wurina domin ya kusanci likitansa. A dare na huɗu da zuwansa ya fita sallar isha'i shi kaɗai, a masallacin da bai kai tafiyar minti biyar daga gida ba, bai kuma dawo ba sai wajen ƙarfe tara da rabi, wani mai shayi ya rako shi. Unguwar tamu irin rukunin gidajen nan ne da ake ginawa a bayan gari, tsari ɗaya, fenti ɗaya, ƙofofin ƙarfe iri ɗaya, layi bayan layi. Da ya zauna ya sha ruwa sai ya ce da ni, ba tare da ya kama sunana ba tunda ni ne ɗan fari: "Kai wannan, ni da nake yi wa baƙi kwatance, yau ni ake rakowa gida kamar ƙaramin yaro." Ya yi mako guda bai ƙara leƙa waje ba, yana salla a ɗaki, shi da bai taɓa yarda jam'i ya wuce shi ba.

Laifin nawa ne. Kwana uku na farko ina raka shi kusan kowace salla, amma ina gaba yana biye, muna hira, idonsa na kan ƙeyata da kan duwatsun da zai iya tuntuɓe da su. Ya bi hanyar fiye da sau goma bai koye ta ba, domin wanda ake ja ba ya koyon hanya, kamar dai fasinjan da ya shekara ana kai shi wani gida a mota, ranar da aka miƙa masa sitiyari sai ya tsaya a mararraba yana rarraba ido.

Abin da ke faruwa a kan dattijon

Mai koyarwa yana bukatar ya san wannan, ko don ya rage gajen haƙuri. A 1971 wani masani mai suna John O'Keefe, yana aiki a Landan, ya gano cewa a wani sashe na ƙwaƙwalwar ɓera da ake kira hifokamfas akwai ƙwayoyin da ba sa motsawa sai ɓeran ya iso wani takamaiman wuri. A 2005 May-Britt Moser da Edvard Moser na ƙasar Norway suka gano wasu ƙwayoyin a sashen da ke maƙwabtaka da shi, masu aiki kamar ma'aunin tazara, kuma su ukun suka sami kyautar Nobel a 2014. A taƙaice dai, akwai taswirar da ƙwaƙwalwa ke zanawa, kuma sashen da ke wannan zane yana cikin waɗanda tsufa ke taɓawa. Shi ya sa taswirar Daura da Baba ya zana tun yana yaro take nan daram, sabuwa kuwa take ba shi wuya.

Sai dai ƙwaƙwalwa tana da wata dabara ta biyu, wato haddace jeri: idan na ga kaza in karkata nan, idan na ga kaza in karkata can. Masu bincike sun lura cewa tsofaffi sun fi dogara da wannan dabara, kuma inda suka fi shan wuya shi ne komawa ta baya, da kuma ɓullo wa mararrabar da suka sani ta wata fuskar da ba su saba ba. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su. Kada kuma a ɗauka ƙwaƙwalwar babba ta daina karɓar horo. Binciken da Eleanor Maguire ta fitar a 2000 ya nuna cewa direbobin tasi na Landan, waɗanda suka shafe shekaru suna haddace dubban tituna kafin a ba su lasisi, ɓangaren baya na hifokamfas ɗinsu ya fi na sauran mutane girma, alhali da girmansu suka fara haddar.

Mataki na farko: a duba ido da ƙafa

Kafin a ɗora wa ƙwaƙwalwa laifi, a kai shi a auna idonsa. Yanar ido tana dusashe gani, tana kuma sa fitilar mota ta kashe wa mutum ido da dare, shi kuwa hawan jinin ido yana cin gefen gani a hankali, har mutum ya wuce abin da ke kusa da kafaɗarsa bai gan shi ba. Gilashin Baba ya shekara shida ba a sake auna shi ba. A duba takalmi kuma, domin mai tsoron faɗuwa ƙasa yake kallo, alamomin hanya kuwa a sama suke. Takalmi mai maɗauri da sanda daidai tsayinsa su ne ke ba shi damar ɗaga kai. Idan yana shan maganin da ke sa shi gyangyaɗi ko jiri, a gaya wa likita, kada a dakatar da shi da ka.

Mataki na biyu: a zaɓi hanya ɗaya tak

A fara da wurin da zuciyarsa ta fi so. Ga namiji yawanci masallaci ne, ga mace kuwa yakan zama makarantar Islamiyya ko gidan wata 'yar uwa. Kada a kwashe shi a zagaya da shi unguwa duka a yini ɗaya ana nuna masa kasuwa da kemis da tashar Keke, domin zai koma gida da tarkacen hotuna waɗanda ba su haɗu da juna ba. Mai koyarwa ya fara bin hanyar shi kaɗai, ya ƙirga kwanoninta, ya zaɓi wadda ta fi ƙarancin kwana ko da ta fi tsawo, ya kuma kauce wa tsallaka kwalta da buɗaɗɗiyar kwata. Akwai yanke ta lungu daga gidana zuwa masallaci, mai kwana huɗu, kuma ita nake bi da Baba da farko saboda sabo. Muka bar ta muka kama ta babban layi mai kwana biyu. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Mataki na uku: a kafa masa gabas

Dattijon Bahaushe da gabas da yamma yake tunani, kuma abin da muke kira makuwa ba komai ba ne illa gabas ta kuɓuce wa mutum. Wannan gado ne mai amfani da yawancin matasa suka yar, suka koma dama da hagu. Da hantsi a tsaya da shi a ƙofar gida, ya ga inda rana take, a gaya masa inda ƙofar ke kallo. Tawa kudu take kallo, kuma da Baba ya riƙe wannan sai na ga kafaɗunsa sun sauka. A nuna masa kuma cewa kowane masallaci a hanya mai kwatance ne, domin ɗan ɗakin liman da ya turo waje yana nuna alƙibla, wadda a Katsina da Daura gabas ce da ta ɗan karkata arewa. Amfanin wannan harshe shi ne ba ya juyawa: tankin da ke arewa da layi yana arewa ko ana tafiya ko ana dawowa, alhali abin da ke dama da safe ya koma hagu a dawowa. Idan kuwa dattijon da dama da hagu ya saba, a bar shi a kai, kada a cakuɗa masa biyun.

Mataki na huɗu: alamomi, kuma shi ne zai zaɓa

A nan aikin yake. Alamar da za ta yi amfani sai ta kasance a daidai inda ake karkata, domin alamar da ke tsakiyar miƙaƙƙen layi ba ta gaya wa mutum abin da zai yi. Sai kuma ta kasance ba ta gusawa, ba ta kuma da tagwai a kusa. Mai ƙosai ba alama ba ce, domin da rana ba ta nan. Haka motar da aka saba ajiyewa a ƙofar wani gida, da tulin yashi ko bulo a gaban kango, da fostar 'yan siyasa, da fentin shago, wanda kamfanin waya zai iya zuwa ya sauya masa launi a yini ɗaya. Abin da ake nema shi ne irin tankin ruwa na sama, da taransifoma, da hasumiyar masallaci, da ƙarfen sabis, da kwalbati, da babbar bishiya.

Kuskuren da na yi a nan shi ne zaɓa masa. A kwana ta biyu akwai allon wata makaranta, babba, mai rubutun Turanci, na yi ta nuna masa shi har kwana biyu, amma kullum sai ya wuce shi kamar bango, domin Baba da ajami yake karatu, rubutun boko ba ya kama idonsa. Da na gaji na ce, "Baba, me kuke gani a nan wanda ba za ku manta ba?" Sai ya nuna wata bishiyar bedi, wadda Kanawa ke kira darbejiya, da gindinta ya rabu biyu, ya ce, "Ga bedi mai gwafa." Na shekara uku ina wuce bishiyar nan ban taɓa lura da ita ba. Tun daga ranar bai ƙara kuskure wannan kwanar ba. Manomi bishiya yake gani, magini gini yake gani, tela kuma zai riƙe shagon ɗinki, saboda haka a tsaya a kowace kwana a tambaye shi, sannan a auna abin da ya zaɓa da sharuɗɗan da ke sama.

Bayan an zaɓa, a ɗaure kowace alama da aikin da za a yi a wurinta, a mayar da su jimloli gajeru da zai riƙa faɗa da baki. Namu ya kasance haka: "Daga ƙofa in yi yamma. Taransifoma, in yi arewa. Bedi mai gwafa, in yi yamma, ga masallaci." Wanda ya yi makarantar allo ya san daɗin tilawa, kuma jimla uku ba komai ba ce ga mutumin da ya haddace izu goma. Kada alamomin su wuce uku ko huɗu a hanya ɗaya. Ƙarar injin markaɗe da ƙamshin gidan burodi suna taimakawa, musamman ga mai raunin gani, amma a ɗauke su a matsayin ƙari, tunda ranar da babu wuta injin shiru yake.

Mataki na biyar: shi ne a gaba

A kwana biyu na farko a yi tafiya kafaɗa da kafaɗa, babu hira, babu amsa waya, a tsaya a kowace kwana ya faɗi jimlarsa sannan a karkata. Daga nan sai a fara tambayarsa tun kafin a isa kwanar: "Baba, daga nan ina muka nufa?" Idan ya amsa daidai sau uku a jere, to lokacin ya yi da zai shige gaba, mai koyarwa ya koma baya da kamar taku biyar. Wannan bai kamata ya yi wuya ba, domin ko a ladabi babba ne a gaba. Mu ne dai gaggawa ke sa mu wuce iyayenmu. Ni cewa nake yi, "Baba, ku shige gaba, ni zan bi bayanku," kuma bai taɓa jin kamar jarrabawa ake yi masa ba.

Gyara yana da lokaci. A ranakun farko, idan aka ga zai karkata inda ba daidai ba, a tare shi tun kafin ya karkata, domin ƙafa tana haddace kuskure kamar yadda take haddace daidai, kuma layin da ya taɓa shiga sau biyu bisa kuskure zai riƙa yi masa kama da sananne. Amma idan ya fara kamawa, sai a sauya. Idan ya tsaya yana shakka, a yi shiru gwargwadon karanta Fatiha, a bar shi ya ɗaga kai ya nemi alamarsa. Shirun nan yana da wuya, baki yana ƙaiƙayi, amma a cikinsa ake koyon. Idan ya kasa, a tuna masa da alamar kawai, a ce "bedi", a bar shi ya ƙarasa sauran.

Kada a gyara masa a gaban mutane, kada kuma a ce "ai jiya na nuna muku". Idan akwai jika mai hankali a gidan, a sa shi cikin aikin, domin gyaran da dattijo zai ji nauyinsa daga ɗansa, daga jika sai ya zama wasa. 'Yata mai shekara 10 ita ta yi rakiyar mako na biyu, tana tsokanarsa cewa angonta zai ɓace mata, shi kuma yana nuna mata bedin da sanda domin ya ƙure ta.

Mataki na shida: dawowa wata hanya ce daban

Wannan shi ne abin da aka fi mantawa, kuma shi ya ɓatar da Baba. Hanya ba ta kama da kanta idan aka juyo: taransifomar da ake hangowa daga gabas wataƙila katanga ta ɓoye ta daga arewa. Saboda haka a kowace kwana, bayan an karkata, a tsaya a waiwaya, ya kalli wurin kamar yadda zai gan shi a dawowa. A yi wa dawowar nata jimlolin: "Daga masallaci in yi gabas. Bedi, in yi kudu. Taransifoma, in yi gabas, gida na uku." A koya su daban, a kuma maimaita su fiye da na tafiya.

A kula da ƙofofi. Daga baya muka gane cewa a daren nan Baba ta ƙofar kudu ya shiga masallaci, da aka sallame jama'a suka tura shi ta ƙofar arewa, yaro ya miƙo masa takalmansa, ya fito kan wani layin da bai taɓa gani ba. Ƙa'idar ita ce ƙofa ɗaya, shiga da fita, takalmi kuma a gurbi ɗaya kullum, ko da zai jira mutane su ragu.

Mataki na bakwai: maimaici da sauyin haske

Tafiya gajera sau biyu a yini ta fi zagaye biyar a jere, wanda ƙarshensa gajiya ce da fushi. A bi hanyar yau da gobe da jibi, sannan a tsallake yini a gani ko ta zauna. A fara da hantsi, sa'ilin da jiki ke da ƙarfi, sannan la'asar, sannan magariba, isha'i da asuba su zo ƙarshe, domin dare sabon gari ne. Idon tsoho yana daɗewa kafin ya saba da duhu, don haka idan ya fito daga hasken masallaci ya tsaya minti ɗaya ko biyu a bakin ƙofa kafin ya taka, da tocila a hannu. A gwada hanyar a daren da aka ɗauke wuta, a kuma tuna cewa hazon hunturu yana shafe alamar nesa irin ƙarfen sabis. Baba ya kama hanyar rana cikin kwana tara, ta dare kuwa sai da ta ci kusan mako uku.

Mataki na takwas: shirin ranar da za a yi makuwa

Za a yi ta, ko ba daɗe ko ba jima, don haka a shirya. A bambanta gidan da na maƙwabta da abin da ido zai kama daga nesa. Ni fentin ƙofa na sauya zuwa kore, na sa ƙwan fitila mai aiki da hasken rana a samanta. A rubuta kati mai ɗauke da sunansa da sunan unguwa da lambobin waya biyu, da boko da ajami, a lulluɓe shi da leda mai kauri, a yi guda uku domin kowace riga ta samu. Ba sai an rubuta aikin ɗansa ko muƙaminsa ba, halin da ake ciki na tsaro bai bar wurin wannan ba. Ƙaramar waya mai maɓalli ta fi masa babba, a saita ta yadda zai danna lamba ɗaya ya riƙe ta kira mai kula da shi. Idan yana riƙe babbar waya, ana iya kunna masa aika wuri ta WhatsApp, amma da saninsa, kuma kada a ɗora masa bin muryar Google Maps, wadda ba ta san bedi mai gwafa ba.

Sannan a gabatar da shi ga mutanen hanya, wato liman da ladan da mai shayi da mai shagon kwana, a matsayin baƙon da ya zo zama, ba tare da an ce yana ɓacewa ba. Da ɗan gari akan ci gari. A ƙarshe a yi yarjejeniya da shi a kan abu ɗaya: da zarar ya ga wurin da bai gane ba, ya tsaya. Dattijai da yawa kunyar tambaya ke sa su ci gaba da tafiya suna fatan ganin abin da suka sani, sai tazarar layi ɗaya ta zama ta unguwa biyu. Ya nemi masallaci ko shago mafi kusa, ya zauna, ya kira waya ko ya miƙa katin. Kada ya hau babur ɗin wanda bai sani ba. Na tuna wa Baba karin maganar da shi ya koya mini, cewa matambayi ba ya ɓata, ya yi dariya ya ce ai ga baƙi ake faɗa wa haka.

Mataki na tara: a faɗaɗa zuwa cikin gari

Sai hanya ta farko ta zauna kafin a ƙara ta biyu, kuma ta biyun ta tsiro daga jikin ta farko, misali daga taransifoma a miƙe zuwa kemis. Idan hanyoyi biyu ko uku suka zauna, a nuna masa inda suka haɗu, a zana su a ƙasa da tsinke, domin a nan ne jerin da ya haddace ke fara zama taswira.

Cikin Katsina kuwa da ƙofofi ake kwatance, kuma yawancin dattijan Daura sun san sunayen: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga da Ƙofar 'Yandaka. Haɗarin a nan shi ne tsohon sani. Wanda ya san garin kafin ya zama babban birnin jiha a 1987 yana ɗauke da taswirar da ta tsufa. Baba ya rantse ya san Ƙofar Ƙaura, amma da muka je ya tarar da gadar ƙasa da aka yi a zamanin Gwamna Masari, sai ya yi shiru. Hasumiyar Gobarau, mai tsawon kusan mita 15, tana nan inda ya bar ta, haka ma Ƙofar Soro, don haka daga irin waɗannan ake fara ɗinka tsohon sani da sabo. Idan za a shiga Keke Napep, a bar shi ya yi wa direba kwatance da bakinsa, mai rakiya ya yi shiru sai in an kauce.

Asibiti ma haka ake koyonsa, tunda barandunsa kama ɗaya suke: ƙofar shiga ɗaya kullum, daga nan ɗakin kati, daga nan wurin likita, daga nan wurin karɓar magani, kowanne da alamarsa, da waiwaye a kowace kwana.

Idan tafiyar ta aikin Hajji ce

A gaya wa maniyyaci tun daga gida cewa gabas da alƙibla za su rabu. A Madina kudu ake kallo, a Makka kuwa sahu zagaye yake da Ka'aba, don haka dabarar ɗakin liman ba za ta yi aiki ba. Abin riƙo a can shi ne lambar ƙofa, domin ƙofofin Harami suna da lambobi, misali Ƙofar Sarki Abdul'aziz ita ce ta 1, Ƙofar Sarki Fahad kuma ta 79. Ya haddace lambar ƙofar da ke fuskantar masaukinsa, ya lura da gefen da dogon benen agogo yake idan ya fito, ya sa takalmansa a jaka maimakon ya bar su a ƙofa. Katin masauki da katin shaidar da aka rataya masa kada su bar jikinsa. A Mina, inda fararen tantuna suka fi gidajen unguwarmu kama da juna, kada a bar tsoho ya je ko banɗaki shi kaɗai sai ya nuna da kansa cewa yana iya komowa.

Inda koyarwa ba ta isa ba

Ɓata a sabon wuri abu ne da ke samun mai lafiya. Amma idan dattijo ya fara makuwa a unguwar da ya shekara 40 a cikinta, ko ya fita ya manta abin da ya fitar da shi, ko aka yi wata guda ana bin hanya mai kwana biyu ba ta zauna ba, a kai shi wurin likita. Abin da muke kira gigin tsufa sau da yawa ciwo ne mai suna, kuma cutar Alzaima, wadda ita ce mafi yawa a cikin cututtukan mantuwa, tana fara taɓa sassan nan ne da ke zana taswira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ke fama da irin waɗannan cututtuka. Mai wannan hali rakiya yake bukata a kullum. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya kuwa, cikin awoyi ko yini, ba ta jiran gobe, domin tana iya zama faɗuwar suga ga mai shan maganinsa, musamman da azumi, ko zazzaɓi, ko ƙarancin ruwa a jiki a zafin bazara, ko shanyewar ɓarin jiki, wadda ake ganewa da karkacewar baki da sanyin hannu ɗaya da harɗewar magana.

A riƙa kuma bin hanyar da shi lokaci-lokaci ko bayan ya iya, domin gari yana sauyawa. A daminar bana iska ta kayar da bedin, washegari aka sassare shi aka kwashe. Baba ne da kansa ya zo ya same ni bayan azahar, ya ce ya tsaya a kwanar ya ga fili, sai ya lissafa da kwalbatin da ke gefe ya karkata. Da hantsi muka fita tare, shi a gaba. Ya daɗe a tsaye yana duba wurin, ya ƙi allon makarantar a karo na biyu, ya zaɓi kwalbatin da kututturen da aka bari, ya sauya jimlarsa ta koma: "Kututture, in yi yamma, ga masallaci."